Kujerar Mai Zaman Banza

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai gama sakina ba.

Na ganni a bakin wata tasha, na jingina da jar motata. Ita ce dai wadda nake fita da ita ranar Lahadi mu gwada gudu da abokai a hanyar bayan gari, sai dai a mafarkin komai nata yana ciki, kamar ranar da na sayo ta. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Kowa ya kifa lemarsa yana tare ƙafafunsa.

Wata mata mai tallar inuwa a faranti ta tsaya a gabana.

"Kai ne Nafi'u? Babanka yana zaune a gindin darbejiyar mararraba. Ya ce ka zo ka kai shi Gumel wurin ƙanwarsa. Daga an kira la'asar ba zai ƙara jira ba."

Baba ya shekara guda da rasuwa, amma ban yi mamaki ba. Agogo kawai na duba.

Sai ga ni a ofishin awon motoci. Wata akuya ce shugaba, da tabarau a karan hanci. Duk takardar da ta buga wa hatimi sai ta cinye, wai haka suke ajiyar fayil a ƙasarsu. Aka tura motata kan sikeli, wasu tauraye biyu suna ƙirga nauyinta da kwanon awo.

"Tiya ɗari tara," in ji akuyar. "Za ka isa jibi da hantsi."

"Ranki ya daɗe, mararrabar nan ai ba ta da nisa."

"A nan hanya miƙewa take yi gwargwadon nauyin mota. Mai nauyi, doguwar hanya. Mara nauyi, gajeriya."

"Ni la'asar nake so."

"To rage kaya mana."

Wannan kuwa fagena ne, an zo wurin. Na naɗe hannun riga na buɗe but. Na fara da safaya taya, ta yi mini sallama ta gangara abinta. Jak ya bi bayanta yana ɗingishi. Na yaye kafet, na kankare baƙin ɗankon da ke liƙe a ƙarƙashinsa, na zare na'urar sanyi da duk bututunta. Na ciro rediyo na ajiye a ƙasa, ta ci gaba da karanta labaran gobe ba ta ko yi tari ba. Na sauya batir da wani ƙarami kamar sabulu. Ina yi ina jin daɗi, gaskiya, don ni mutum ne da in na ga ƙarfe ba ya aikin komai sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

"Gobe da magariba," in ji akuyar.

Na kwance kujerar baya. A ƙarƙashinta na tarar da ɓawon gyaɗa, da ɗankunnen 'yata guda ɗaya, da dariyar yara tun ta ranar Sallar da na kai su gidan zu. Dariyar tana nan da ranta, ko ƙura ba ta yi ba. Ɗaya daga cikin taurayen ya auna ta daban, ta yi tiya arba'in. Aka zuba ta a buhu aka ɗaure bakin. Na ce ai in na dawo zan karɓa.

A bayan ofishin wani tsoho yana sauke rana da igiyar guga, a hankali, kamar mai zura ta cikin rijiya. Na roƙe shi ya dakata. Ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Na sa hannu zan cire fitilun gaba. Akuyar ta buga ƙofato a tebur.

"A'a. Motar titi ce ko ta filin tsere?"

"Ta titi ce."

"To doka ta ce fitila biyu, hon, madubi, abin goge gilashi, sigina, lamba gaba da baya, da bel na direba. Ka taɓa ɗaya, ba ka hau mana titi ba."

"Hon ɗin ma? Wa zan yi wa hon da wannan gudun?"

"Ba ruwan doka da wanda za ka yi wa."

Na bar su. Na cire rufin ciki, na ɓamɓare kwalliyar ƙofofi, na tsiyaye mai har sai da ya rage na zuwa kawai. Na tuɓe takalmi da hula. Na tofar da yawu. Motar ta koma kamar gwangwanin madara da aka lashe, in ka yi magana a ciki sai ta maimaita maka.

Akuyar ta gyara tabarau. "Bayan la'asar da minti uku."

Minti uku. Na leƙa cikin motar. Kujeru biyu suka rage: tawa, da ta gefena, wadda ake ce wa kujerar mai zaman banza. Baba ya tsani sunan nan. Nan yake zama, ya ce shi ba zaman banza yake ba, shi ne birkin motar. Da allurar gudu ta wuce tamanin zai dafa gwiwata ya ce, "Nafi'u, sannu ba ta hana zuwa." Ni kuma in ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Ya yi dariya ya ɓantari goro. Har yanzu soson yana da lotsawar jikinsa, da ƙamshin turarensa a wurin jingina kai.

Na nuna kujerar. "Ita wannan fa, doka ta hana a cire ta?"

"Doka ba ta san da ita ba," in ji akuyar. Ta daina tauna ta dube ni. "Ka tabbata?"

Noti huɗu ne, sifana mai lamba goma sha huɗu. Ba wanda ya gaya mini, na sani, domin na taɓa kwance su ido biyu. Kujerar ta fi ƙarfina, sai da tauraye biyun suka kama mini. Da aka ɗora ta a sikeli, sikelin ya durƙusa.

"Yanzu kam za ka riga ladan," in ji akuyar. Ta buga hatimi ta cinye takardar.

Ban taɓa jin mota irin wannan ba. Ina taɓa totur ta zabura, inuwarta ta zauna a tasha tana kallonmu. Garuruwa suna wucewa ta gefe kamar ana jan labule. Na wuce wata tsawa da ta fito tun safe. Na wuce ƙarar salansata. Na ce a raina, yau da abokan Lahadi za su gan ni! Kunya nake ji in faɗa, amma na ɗan lokaci na manta ma inda za ni.

Baba yana gindin darbejiya, da farar rigarsa ta Juma'a, da baƙar leda a cinya. Na san abin da ke ciki: sukari, sabulu, da turmin atamfa na Gwaggo Ladi. Ladan yana can yana gyaran murya bai fara ba.

"Baba, na iso! Kun gani? Ban makara ba."

"Sannu da hanya," in ji shi. "Ka yi gudu ke nan."

Ya miƙe da ƙyar, ya zagayo, ya buɗe ƙofa. Ya tsaya yana kallon ƙasan motar. Ramuka huɗu ne a ƙarfe, ruwan yana tasowa ta cikinsu siriri-siriri.

"Ina zan zauna, Nafi'u?"

"Ku zauna a tawa, ni sai in tsuguna."

"Ka san ban iya tuƙi ba."

"To bari in koma in ɗauko ta. Yanzun nan."

"Da ita ai ba ka iso ba." Ya rufe ƙofar a hankali, yadda yake yi don kada ta yi ƙara. "Ba komai. Ka bari sai wani satin."

Maganata ce ya mayar mini. Bara, wata Asabar, ya zo gidana da ledar nan a hannu. Na riga na kwance kujerun saboda gudun washegari, na ji ƙyuyar mayarwa. Na ce, "Baba, motar ba kujera, ku bari sai wani satin." Ya ce ba komai, ya koma da ledarsa. Ranar Laraba muka kai shi makwancinsa. Gwaggo Ladi ta zo zaman makoki, a nan aka ba ta atamfar.

Ladan ya kira salla. Wata adaidaita sahu ta tsaya, hawainiya ce ke tuƙa ta. Baba ya shiga ya gyara zama, ledar a cinya. Suka tafi a hankali, kamar mai tura baro. Na bi su. Na sa giya ta biyar, na take totur har ƙasa, allura ta kwanta, amma adaidaitar sai ƙara nisa take yi. Na danna hon ɗin da doka ta bar mini. Na yi ta dannawa ina kiran Baba, bai waiwayo ba. Kuka nake yi, hawayen suna hawa goshina.

Sai na ji ana yagar wani abu. Kyat. Kyat.

Na buɗe ido, gari ya waye. Ƙarar daga tsakar gida take. Na fita ba takalmi. Akuyar maƙwabta ce ta shigo, ta samu kujerar nan a ƙarƙashin bene inda na jingine ta tun bara, tana yagar soson tana ci. Na kore ta. Na kakkaɓe ƙurar, na ɗauko sifana mai lamba goma sha huɗu, na kinkimi kujerar zuwa mota. Ba ta da wani nauyi, hannu ɗaya ya ishe ta.

Na ɗaure notunan huɗu, sannan na duba agogo. Minti tara aikin ya ci.