Layar Zana a Wasan Asabar

Afiniki ta miƙa hannu ta ɗauke ɗan mutum-mutumin ɓarawon daga kan kwali, ta jefa shi aljihun siket, ta ce daga yanzu babu mai ganinsa. Mijinta Gershon ya yi murmushi ya gyara zama. Ɓarawon nasa ne. A wasan makon jiya ya tsinci layar zana a kabarin wani maharbi, yau kuma ya ɗaura ta.

Suna zaune a barandar gidansu na haya da ke bayan layin dogo a Kafanchan, hadari na haɗuwa ta wajen Kagoro. A jami'a Afiniki ta koyo wasan: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa na da gwarzonsa, ƙwayar ludo ce ke yanke ko sara ya samu ko ya kuskure. Filin daga kuwa kwalin firji ne da ta zana gida-gida da biro. Mutum-mutuman duk ƙanenta Meshak ne ya gina su da yumɓu, ya yi musu fenti da jan farce, tun kafin a sace shi.

A hanyar gonar citta ta gidansu, can wajen Kwoi, aka tare shi bara, aka kira sunansa kafin a sauke shi daga mashin. Ya yi makonni a daji da tsumma ɗaure a idanunsa. Sai da aka sayar da gonar bakin rafi da babansu ya bari, Gershon ya ɗauki jakar kuɗin fansa ya shiga daji shi kaɗai, sannan aka sako shi. Ya dawo ba ya magana, ba ya zama ɗaki ɗaya da baƙo. Likita ya rubuta magani, fasto ya yi addu'a, amma a bakin teburin nan kawai Afiniki ke jin dariyarsa. Shi ya sa ba ta fasa wasan Asabar ko da aikin makaranta ya taru mata.

Na huɗunsu Musbahu ne, abokin Meshak tun sakandare, mai gyaran waya a kasuwa. Shi ya fara ƙorafi. Abin da ba a gani ya daɗe yana ɓata musu wasa. Sun taɓa barin dodo a kan kwali suka kifa masa kofi, kowa ya yi rantsuwa bai gan shi ba, amma duk kibiyoyi suka nufi kofin. Sun gwada marafan kwalba uku, ɗaya da alama a ciki, Paulina, 'yar Afiniki, ta kwashe su ta tafi. Da Afiniki ta riƙe wurin a kanta kuwa, Musbahu ya ce tana matsar da shi yadda ta ga dama don ta ceci mijinta.

Ta ce to yau ga sabuwar dabara. Musbahu da Meshak za su rufe ido, Gershon ya nuna mata gidan da ɓarawonsa ya koma, ya raɗa mata abin da zai yi, ba mai gardama daga baya. Sai da maganar ta fita ta tuna da tsumman da aka ɗaure wa Meshak a ido. Ta dubi ƙanenta, ta ce shi ya juya baya kawai.

"Ba komai, Yaya. Zan iya."

Ya rufe ido, tafukansa a shimfiɗe kan tebur. Gershon ya matso, ya ɗora yatsa a wani gida bayan mutum-mutumin mai gadin kurkuku, ya sa baki a kunnenta. Yana da wushirya, in yana raɗa sai iska ta riƙa fita da ɗan fito. Ya ce a bar mai gadin tukuna, sai ya juya.

Afiniki ta ce su buɗe. Musbahu ya buɗe yana laluben ƙwayar ludo. Meshak bai buɗe ba. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, wani duhu na bazuwa a gaban wandonsa. Ta kira sunansa, ta sake kira.

"Sake faɗa," in ji shi, ido a rufe. "Broda Gershon, sake faɗa a hankali."

Gershon ya tambaye shi me zai sake faɗa. Meshak ya buɗe ido, amma ba shi ya kalla ba, yayarsa ya kalla. Muryarsa a kwance, kamar mai karanta sanarwa a coci, ya ce washegarin ranar da aka kai shi daji wani ya zo a mashin. Bai yi magana da ƙarfi ba, raɗa ya yi ta yi da ogan masu garkuwar a bayan bukkar da aka ɗaure shi. Ya ce musu dangin yaron suna da gona a bakin rafi, za su sayar, a dai yi haƙuri. A lokacin ko waya ba a buga wa Mama ba. Wannan fiton ne, in ji shi. Ya kwana da shi a kunne har yau, bai taɓa jinsa da ido a rufe ba sai yanzu.

Gershon ya miƙe har kujerar roba ta faɗi. Ya ce shi da ya bar mace da jaririya ya shiga daji da ransa a hannu, shi za a gaya wa haka a gidansa? Ya ce lalle Meshak ya ji muryarsa, ranar da ya kai kuɗin, kwanakin ne suka cakuɗe masa. Ya juya ga Musbahu ya ce ya faɗi gaskiya, mutum nawa ne masu wushirya daga nan zuwa Zangon Kataf. Musbahu bai ɗago kai ba. Hawaye na bin fuskar Gershon, bai share ba, ya shige ɗaki inda Paulina ta farka tana kuka.

Afiniki ta ɗauko zani ta ba ƙanenta, ta raka shi bayan gida. Ta tsaya a bakin ƙofar langa-langa tana jin zubar ruwa. Gershon ne ya samo mai sayen gonar, cikin kwana kaɗan, a lokacin da kowa ke tsoron zuwa wajen, dangi suka yi ta sa masa albarka. Amma dillalin citta ne, sanin masu saye aikinsa ne. Ta yi ƙoƙarin tuna inda yake washegarin ranar da aka sace Meshak. Abin da ta iya tunawa kawai shi ne kanta a ƙasan ɗakin Mama tana birgima.

Ta dawo ta tarar Musbahu ya tattara mutum-mutuman cikin gwangwanin madara. Ya yi ƙasa da murya.

"Anti, kin tuna mai mashin ɗin nan na Kirsimeti?"

Ta tuna. A bakin kasuwa Meshak ya ji wani ɗan acaɓa yana ciniki, ya kama rawar jiki, ya ce wannan ne ke dukansa a daji. Kafin 'yan sanda su iso matasa sun fasa wa mutumin ido ɗaya. Daga baya aka tabbatar duk watannin nan yana kwance a asibiti da karaya.

Musbahu ya ce gobe Lahadi. In Meshak ya faɗi wannan magana a gaban matasan cocinsu, waɗanda suka yi karo-karo suka yi azumi dominsa, Gershon ba zai ga Litinin ba. In kuma gaskiya ce... Bai ƙarasa ba. Ya ce shi dai ba zai buɗe baki ba, shi Musulmi ne, maganar ba ta bakin irinsa ba ce a garin nan.

Meshak ya fito sanye da wandon Gershon da ta ajiye masa, don babu wani. Ya ce gida zai tafi, wurin Mama, yanzu. Zai gaya mata, zai gaya wa kawunsu, su san abin yi. Ta roƙe shi ya bari zuwa Litinin su je wurin 'yan sanda tare, a bincika a tsanake. Ya tambaye ta a ina zai kwana kafin Litinin. Musbahu ya tayar da mashin ya ce zai kai shi har Kwoi kafin ruwa ya sauko.

Afiniki ta zagaya gefen gida wurin tankin ruwa, ta kira Mama. Ta ce Meshak na hanya, ciwon ya tashi, ya fi na Kirsimeti. Har fitsari ya yi a zaune. Ta ce a ba shi maganinsa, kada a bar shi ya je coci gobe, kuma duk abin da ya faɗa, ko a kan wa ya faɗa, kada a biye masa. Mama ta fara kuka tana kiran sunan Yesu. Afiniki ta kashe wayar ta juyo, ta gan shi tsaye a kusurwar bango. Ya biyo ta ne ya yi mata sallama.

"Yaya, kin san ba hauka nake ba."

"Ka sha maganinka in ka isa."

Ya ce to, ya je ya hau bayan Musbahu. Bai waiwayo ba har suka haye layin dogo.

Yayyafi ya fara. Ta jawo kwalin ciki ta jingina shi da bango. Gershon na zaune a bakin gado, Paulina a cinyarsa tana wasa da maɓallin rigarsa. Ta taga ya ji duk abin da ta faɗa a waya. Ya ce ya gode, Allah ya ga zuciyarsa, ba ya riƙe yaron da komai.

"Maman Paulina, ke dai kin san ƙarya ne, ko?"

"Na gaya wa Mama ba shi da lafiya."

Ya jira sauran maganar. Afiniki ta sunkuya ta ɗauke yarinyar daga cinyarsa, ta goya ta, ta fita kicin ta ɗora ruwan tuwo.