Dakalin Gidan Bawa

A shekarar da Nasara suka bi daji suna kafa turaku don raba ƙasar Katsina da ta Maraɗi, Bawa mai fataucin kanwa ya ƙudura gyara ƙofar gidansa. Gidan yana bakin hanyar Maraɗi, a ƙarshen Jibiya ta arewa, gabansa fili fetal, babu ko itacen da akuya za ta fake. Ya gaji da tarbar baƙi a tsaye cikin rana. Yana son dogon dakali, da rumfa a kansa, da itatuwa.

Ya kira Lado magini, abokinsa tun ƙuruciya. Lado ya tona ƙasar wurin da yatsan ƙafa, ya ce rairayi ce, ba ta riƙe gini. Bawa ya ce ai ya san inda jar ƙasa take, a wani kufai da ke bayan turken Nasara, inda yanzu ake cewa ƙasar Faransi ce. Garin ya watse tun zamanin yaƙe-yaƙe, ba mai tuna sunansa.

"Bangon mutane ne ya narke a can," in ji Lado. "In ka kawo zan gina maka, amma ni ƙafata ba ta zuwa."

Bawa ya yi dariya, ya kora jakunansa ya je ya ɗebo. Ƙasar kuwa ta yi kyau, ja mai danƙo. Lado ya ja dakali tun daga bakin zaure har kusurwar katanga, ya shafe shi da makuba. Aka kafa dirkoki, aka rufa da zana. Ma'u matar Bawa ta tara maƙwabta suka yi daɓe a gaban wurin. Bawa ya dasa reshen ceɗiya a kowane gefe, ya jera lalle a bakin hanya, ya ajiye randa da moɗa don matafiya.

Da farko abin sai sha'awa. Dattawan unguwa suka mai da wurin majalisa. Sai dai ceɗiyoyin sun yi saurin da ba a saba gani ba, kafin damina ta faɗi har sun yi inuwa. Ma'u kuma ta fara ƙorafin cewa tana cika randa da hantsi, kafin la'asar ta ƙafe, ko a ranar da ba ayarin da ya wuce.

Sannu a hankali dattawa suka janye. Bawa ya tare ɗaya daga cikinsu, Ɗantala mai ƙira, ya tambaye shi ko an yi masa laifi ne.

"Ba laifi," in ji Ɗantala. "Wurin ne ya cika. Mutum ya zauna sai ya ji kafaɗa tana matse shi."

Bawa ya koma ya duba dakalin. Duk tsawonsa ya lotsa wuri-wuri, ya yi santsi, irin lotsawar da mazauni yake yi in an yi shekara da shekaru ana zama a kansa.

Wata rana bayan azahar, gari ya yi tsit saboda zafi, Bawa ya fito ya tarar da wata tsohuwa a ƙarshen dakalin, moɗa a hannunta. Zanenta baƙin saƙi ne irin na da, ƙafafunta sun yi ja da ƙasa. Ya gaishe ta.

"Sannu, Inna. Daga ina?"

"Daga nan," ta ce, tana shafa dakalin da tafin hannu. "Wannan ɗakina ne. Can kusa da randa na ƙanena ne. Ka kyauta, ɗan nan, mun daɗe a rana."

"Ku da wa?"

"Waɗansu sun iso. Saura suna tafe, tsofaffi ne, ba su da sauri."

Ma'u ta kira shi daga zaure, ya waiwaya. Da ya juyo ba kowa. Moɗar tana kan dakali, da sauran ruwa a ciki yana motsi.

Ya shiga ya faɗa wa Ma'u, bai rage komai ba. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta jima tana jin hira in tana shara a zaure, ƙasa-ƙasa, ba ta dai so ta ɗaga masa hankali ba.

"Maigida, ba su taɓa kowa ba," ta ce. "A bar su."

Bawa bai yarda ba. Ya ce shi ya gina don mutanen gari, gidansa ba kufai ba ne. Washegari ya ɗauki galma ya sare rabin dakalin, ya loda wa jakuna, ya nufi arewa don ya mai da ƙasar inda ya ɗebo ta. Da suka isa turken Nasara jakunan suka toge. Ya yi duka, ya yi ja, ko taki ɗaya ba su ƙara ba. Ya sauke mangala guda zai saɓa da kansa, ya kasa ɗaga ta daga ƙasa, shi da yake ɗaukar kanwar da ta fi ta nauyi. Da ya juya kan jakunan wajen gida, suka kama sassarfa.

Ya tarar da Ma'u tsaye a waje, ta riƙe dirkar rumfa.

"Tsohuwar tana tsakar gida," ta ce. "Kusa da murhu. Ta ce an rushe musu waje, dole su shigo ciki. Kuma ba ita kaɗai ba ce."

Bawa ya leƙa. Bai ga kowa ba, amma tabarmin gidan duka an shimfiɗa su a jere, kaji sun taru a lungu guda ba mai motsi a cikinsu.

Bai shiga ba. Ya tafi gidan Lado a guje. Da Lado ya ji abin da ya faru, sai ya ɗauko kayan aiki kawai. Suka zube ƙasar, suka kwaɓa, suka mai da dakalin kafin magariba. Suna gamawa kaji suka bazu a tsakar gida, Ma'u ta shiga ta naɗe tabarmi.

A makon Bawa ya sa Lado ya fasa ƙofa a bayan gida, ta nan iyalinsa suka koma shiga da fita. Gaban gidan kuwa bai bar shi ya lalace ba. Duk kaka yana sabunta zana, yana gyara yaɓe, yana rage rassan lalle, har ya zama ba ƙofar gida mai kyan tasa a Jibiya. Shi dai bai sake zama a can ba. Hira a maƙerar Ɗantala yake yinta.

A maƙerar ne wani baƙo daga Maraɗi ya tsaya gyaran linzami. Yana cikin jira sai ya tambaya ko rasuwa aka yi a gidan can mai ceɗiyoyi. Ya ce ya yi sallama, mutane cike da rumfa har bakin hanya, sun amsa masa baki ɗaya.

Ɗantala ya ci gaba da zuga wuta, bai ɗago ba.

"Ba rasuwa ba ce," in ji Bawa. "Baƙi gare ni."