Kwanon da Na Rufe Tsakar Gida da Shi

Shekara shida ke nan da rake ya yi mini albarka, na sa aka rufe tsakar gidana da kwano, daga bakin zaure har madafi. A Gazara ba wanda ya taɓa yin haka. Na ce matata Mukarrama ta gama shan rana.

Bana ƙullutu ya fito mata a wuya. Na ce maƙoƙo ne, uwarta ma da shi ta tsufa. Sai muryarta ta dishe, tuwo ya fara tsaya mata. Daga asibitin Makarfi aka tura mu Zariya. Likitar, mace ce, ta zuƙi ƙullutun da allura, aka ɗibi jini. Sakamakon jinin ne ya fara fitowa.

"Malam Maiwada, bitamin D ya yi ƙasa sosai a jikinta," in ji ta. "Yawanci daga hasken rana jiki ke samunsa. Tana shiga rana kuwa?"

Na gaya mata batun kwanon. Na ce, "Ki faɗa mini gaskiya, shi ya kawo ciwon?"

"Wasu masu bincike suna ganin ƙarancinsa na da alaƙa da kansar wannan wuri, wasu ba su gani ba. Ba a tabbatar ba. Nata ma ba mu san ko kansa ce ba, sai nan da mako biyu."

Ta rubuta ƙwayoyi. Ni dai ban ji ta ce a'a ba.

Kwana goma sha uku ina zuwa gona ban san abin da nake sara ba. Waya na aljihun gaba, ina ta dubawa ko caji ya ƙare. Ran na sha huɗu da safe na ɗauki guduma na hau saman kwanon. Na cire falle tara, rana ta faɗo kan turmi.

"Malam, damina fa ta kusa," in ji Mukarrama daga ƙasa, da muryar nan tata da ba ta fita sosai.

"Ke dai jawo tabarma ki zauna nan."

Ta zauna tana kare ido da hannu. Wayar ta yi ƙara ina kan tsani. Likitar ce.

"Sakamako ya fito. Ku zo gobe, ku biyu."

"Ki faɗa mini yanzu."

"Gara mu zauna, Malam."

Na sauko. Mukarrama ta dubi fuskata. Ta matsa ta ba ni gefen tabarmar.