Rijiyar da Magini Ya Toshe

Da ma'aikatan ruwa suka kafa famfo a gidajen ƙauyen, har da tsakar gidan magini, sharaɗi ɗaya suka gindaya: kowa ya cike rijiyarsa, don rijiyoyin ƙauyen sun yi kusa da masai. Magini bai yi musu ba. Ruwan rijiyar nan ne ya kashe masa ɗansa na fari da amai da gudawa.

Maƙwabta suka yi dabara. Suka shimfiɗa tsohon kwanon rufi a bakin rijiyoyinsu, suka barbaɗa ƙasa, mai dubawa ya zo ya wuce. Shi kuwa magini bai iya aikin ha'inci ba. Ya zuba duwatsu har baki, ya kwaɓa siminti mai ƙarfi ya daɓe kanta.

Mahaifiyarsa tana zaune a ƙofar ɗaki ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka ga hadari ba ka zubar da ruwan tulu?"

"Inna, ga ruwa nan kamar hawaye. Kin fi son mai tsutsa?"

"Mai tsutsar bai taɓa cewa yau ba ya nan ba."

Rani ya tsananta, injin da ke turo ruwan ya ƙone. Aka ce za a zo gyara. Famfo ya yi ta tari, daga baya ya yi shiru. Maƙwabta suka yaye kwanonsu. Matar magini ta bi gida-gida da bokiti, amma rijiyoyin sun ja baya, kowa na tattalin nasa. Dole ta koma kududdufin da shanu ke sha. Ana tafasawa, amma autarsu ba ta jiran ya huce, sai ta sha ɗanyen. Ran nan ta tashi da gudawa.

Magini ya ɗauko guduma ya hau simintin. Tela, maƙwabcinsa, ya leƙo ta katanga.

"Maigida, wa ya yi maka wannan aiki? Wallahi gwani ne!" Da ya hango yarinyar kwance sai ya haɗiye dariyarsa, ya miƙo rabin buta na ruwan rijiyarsa.

Magini ya duba ruwan. Launinsa ɗaya da wanda ɗansa ya sha. Itacen gidan ya ƙare tun safe, ga leɓen yarinyar ya tsattsage.

Inna ta karɓi butar, ta ɗago kan jikarta. Bai hana ta ba. Ya koma ya ɗaga guduma, tana sauka tana tashi, simintin ko tsagewa bai yi ba.