Bencin Baya

Ƙararrawar majami'ar ƙauyen su Silvanus, can gefen Fadan Kaje, ba wata ƙararrawa ba ce. Guntun ƙarfen dogo ne da aka ɗauko daga Kafanchan aka rataye a reshen mangwaro, kuma tun kafin yaƙin basasa Silvanus ke buga shi. Dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsauri. In ya ji warin burkutu a bakin mai bi, wato Kirista, to ranar Lahadi sai mutum ya ji sunansa a gaban jama'a.

Shekarar da aka bar fam aka koma naira, ruwa ya yi jinkiri, sannan ya sauko gaba ɗaya. Matarsa Lai'atu na kwance ba lafiya, ciyawa ta shanye gonar dawa. Ya kira gayya, aka dama kunu. Danginsa da ba sa zuwa sujada suka leƙa tukunya, suka ga ba burkutu ba ne, suka tuntsire da dariya, suka saɓa fartanya suka yi gaba. 'Yan'uwa cikin Ubangiji kuwa, kowa ta kansa yake yi. Sai Silvanus ya aika a ɓoye aka dafa burkutu, ya sake kiran gayya. Kafin rana ta raba an gama nome gonar, kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Fasto Gilbert ya sa shi ƙarƙashin horo. Ba cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a majami'a, ba zama da dattawa, ba taɓa ƙarfe. Ya koma bencin baya, bakin ƙofa, inda ruwa ke feso mutum, har sai an ga tuba.

A can ya tarar da Afiniki, tsohuwar gwauruwa. Shi da bakinsa ya tura ta wurin shekarun baya, lokacin da take dafa burkutu don ta ciyar da marayunta. Ta dube shi, ta ɗan matsa.

"Sannu da zuwa, Dattijo. Zauna ta nan, can ƙafar bencin ta karye."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna yana huci. Makonni bai ce mata ko sannu ba, don a ganinsa shi baƙo ne a bencin, ita ce 'yar gida. Ranar jibi, farantin gurasa ya zo har bencin da ke gabansu ya juya. Silvanus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa Afiniki waƙarta take rerawa da ka, murya na rawa, ba ta kuskure ko baiti ɗaya ba.

Sai bayan girbi ya iya buɗe baki.

"Mama, har yanzu kina dafawa ne?"

"Haba! Tun da yara suka girma na fasa tukwanen."

"To me ya hana ki zuwa gaban dattawa?"

"Ai na je, Dattijo. Kai ka ce a dakata a gani."

Abin takaici, ko tunawa bai yi ba. Ya ce a dakata, ya tafi gida ya ci tuwonsa, ita kuwa ta tsufa tana dakatawa. Ranar nan ya yi addu'a a gona, kuma karon farko a rayuwarsa bai kai wa Allah ƙarar kowa ba sai kansa.

Ya je ya sami Fasto da maganarta. Fasto Gilbert ya ce, "Baba Silvanus, kada ka ɓata naka. Lahadin nan za mu mayar da kai. In ka koma kujerarka, sai ka kawo zancenta." Silvanus yana son kujerar nan, yana kewar ƙarfen nan kamar me. Ya ce to. Ka ji fa, an sake cewa a dakata, kuma ya sake yarda.

Ranar Juma'a da hantsi Afiniki ta rasu. Dattawa suka taru a gindin mangwaro suka yanke cewa ta mutu ƙarƙashin horo, saboda haka ba za a buga mata ƙarfe ba, danginta su binne abinsu. Martins, wanda aka ba gudumar buga ƙarfen bayan Silvanus, ya soke ta a ɗamara ya harɗe hannu.

Silvanus ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya ji hukuncin, ya nufi ƙarfen.

Fasto ya tare shi. "Baba, in ka buga, ka san Lahadi ba taka ba ce."

"Na sani, Fasto."

Ya juya ƙeyar fartanya ya buga. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, irin bugun da ake yi in mai bi ya tafi gida wurin Ubangiji. Mata suka ajiye tulu a rafi, maza suka baro gona. Kafin dattawa su gama faɗa fili ya cika, matan zumuntar majami'a sun ɗauki waƙa. Aka binne ta da waƙa, amma Fasto bai je kabarin ba.

Ran Lahadi aka yi jibi. Ba a kira sunan Silvanus ba, farantin ya zo ya juya kamar kullum. Sunan da aka kira na Paulina ne, wata matashiyar gwauruwa da aka kama da tukunyar burkutu a bayan ɗaki. Ta taso daga cikin mata da goyo a baya, kanta a ƙasa, kowa na kallonta, har ta iso bakin ƙofa ta tsaya ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Silvanus ya matsa.

"Zauna ta nan, 'yata. Can ƙafar bencin ta karye."