Wadda Inna Ta Yafe Wa

Duk wanda ya san Lami ta Gafasa, da kuka ya san ta. Sana'arta ke nan. A shirin nan mai dogon zango da ake haskawa kullum bayan azahar, ita ce Naja'atu, yarinyar kirki mai jinyar uwarta, wadda ko tari tsohuwar ta yi sai ta zube a gabanta. Shekara da shekaru tana durƙusa wa uwar haya, ana shafa mata man zafi a ƙasan ido, hawaye na kwarara, matan ƙasar nan suna ta cewa Allah sarki.

Ita kuwa uwar da ta haife ta, Inna Hanne, rabon Lami da ita tun ranar da ta ɗauki jaka za ta shiga motar Kano a Ajingi. A ranar Inna ta ce in har wasan kwaikwayo ne ya fitar da ita daga gidan nan, to ba da yawunta ba. Lami ta sa kai ta tafi. Tana aiko da atamfa da sallah, har ta sa aka kafa wa Inna sola da talabijin, amma ita kanta ko leƙe. Kullum cewa take bari a gama wannan zangon ta je ta nemi gafara. Zangon da ba ya ƙarewa!

Ran da abin ya faru suna wurin ɗauka. Darakta Kamilu yana da doka, in an fara aiki kowa ya zuba wayarsa a kwando. Sai da la'asar ta karɓi tata, ta tarar da kira ba adadi da saƙo guda: Inna ta rasu da hantsi. Ko jan bakin Naja'atu ba ta goge ba ta faɗa mota. Ta sauka a Gaya, ta kama ta Ajingi, ta hau acaɓa zuwa ƙauyensu Gafasa. Kafin ta iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Wa zai ajiye gawa yana jiran 'yar fim?

Tana shiga tsakar gida ta ga turmin Inna a kife. Ta zube, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta taɓa yi ba, mai muni, da majina da shessheƙa. Matan da ke zaman makoki suka gyara zama. Wallahi gyara zama suka yi, kamar an kawo wuta.

"Kai, Lami ta iya," in ji wata. "Kamar gaske."

"A'a, na ranar da aka kore su daga gidan haya ya fi wannan," wata ta amsa. "Wannan ta cika buɗe baki."

Wata ma waya ta ɗaga tana ɗauka. Lami ta ji su sarai, amma ba su ne a gabanta ba. Abu ɗaya ya kawo ta, ta ji ko Inna ta yafe mata kafin ta cika. Ta rarrafa zuwa wajen Gwaggo Fatsuma, ƙanwar mahaifinta, wadda ita ta yi jinyar Inna har ta rufe mata ido. Gwaggo na zaune a bakin ɗaki tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gwaggo, don girman Allah, Inna ta ambace ni?"

"Sannu da zuwa, manya. An gama aikin?"

"Gwaggo, ta yafe min?"

Sai a lokacin Gwaggo ta ajiye carbin. Mace ce da ba ta ƙarya, kuma ba ta san inda ake sassauta gaskiya ba. Ta ce tun bara kan Inna ya fara juyewa, ta manta sunan jikokinta, ta manta ko ta ci abinci, amma ba ta manta lokacin shirin ba. Azahar na yi za ta ce a kunna mata 'yarta. Tana kallo tana sa albarka, in Naja'atu ta durƙusa sai Inna ta miƙa hannu ta shafa gilashin.

Zuciyar Lami ta ɗan yi sanyi. Ta share fuska da gefen mayafi.

"To ai ni ce, Gwaggo. Ni take sa wa albarka."

"Haka ni ma na zata," in ji Gwaggo. "Shi ya sa jiya da na ga jikin ya yi tsanani na ce ta yafe wa 'ya'yanta. Ta yafe wa Barau, ta yafe wa Larai. Ta ce Naja'atu kuwa ba ta taɓa saɓa mata ba, Allah ya yi mata albarka duniya da lahira. Na ce to Lami fa, Hanne? Ki yafe wa Lami."

Mai wayar ta matso kusa.

"Me ta ce, Gwaggo?"

"Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, wace ce Lami?"