Karan Inna a Kan Faifai

Na'urar awon hawan jinin da na saya wa Baba ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ta nuna lamba, kafin ka gyara zama ta ɗauke, kuma ba ta ajiye komai. Ni ina aikin jinya a Kaura Namoda, su suna Galadi, hanya kuwa ba kullum take biyuwa ba. Baba yana da yanar ido, Inna Dije ba ta yi boko ba. Da safe ake awon, amma maƙwabcinmu Malam Ubaidullahi, mai karantawa ya bugo mini waya, sai bayan la'asar yake dawowa daga makaranta.

Inna ta ƙura wa gilashin na'urar ido ta ce, "Wanga ai ba rubutu na ba, kara na aka jera."

Gaskiyarta. Lambobin ba su da lanƙwasa irin ta alƙalami. Guntayen sanduna ne, wasu tsaye wasu kwance, da ɗan gibi tsakani. Takwas ce mai haɗama, ta cinye duka bakwai. Ɗaya, baiwar Allah, biyu sun ishe ta. Sai Inna ta kakkarya sillen karan dawa, ta riƙa jera su kan faifai yadda ta gani, ta kife ƙwarya saboda kaji. Malam na zuwa sai ya ɗaga ya karanta.

Baba ya samu abin tsokana. Duk wanda ya shigo sai ya ce matarsa ta fara duba.

Wata safiya tana jerawa ta tsaya cak. Gurbin farko, wanda kullum kara biyu yake ci, yau biyar ya nema. Ba ta san sunansa ɗari biyu ba, ta dai san ba ta taɓa jera shi ba. Baba ya ce kansa ne kawai ya ɗan yi nauyi, ya miƙa hannu ga hauyarsa.

Ta ce, "Wallahi ba ka zuwa gona yau, ko mi za ka cewa."

Ta kira Dogo mai babur, ta sa Baba a tsakiya, ta hau baya ta riƙe shi har asibiti a Shinkafi. Can ta kwance haɓar zane, ta jera karan kan teburin likita. Ya karanta, ya sake aunawa, nan take ya ba da gado. Da na iso ya ce mini da sun jira la'asar, da wuya ɓarin jikin Baba bai shanye ba. Na samu wuri na zauna.

Inna ta dafa ni. "Nazifa, wa yay yi lambobin ga haka miƙe?"

Na ce ban san shi ba, ko ƙasarsu ban sani ba.

"To ko wane na, Allah shi jiƙan uwayenai."

Na ce amin da dukan zuciyata. Baba na kan gado yana mitar miya ba gishiri, yana ɓare lemo da hannuwansa biyu.